Harafi ɗaya da layi ɗaya a takardar tara

Tun da labari ya bazu a unguwa cewa ƙanen mai wannan shafi ya ƙi biyan takardar tara, ya ce sai dai a je gaban alƙali, ba a bar gidan ya huta ba. A majalisa an ce taurin kai ne. A gareji an ce yaron ya fiye neman magana. Wani dattijo da ake ganin girmansa ya tare yayan bayan sallar Isha'i ya ce, "Malam, ka ja wa ƙanenka kunne. Talaka ba ya shari'a da hukuma. Ya biya ya bar wa Allah." Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta hana mai shafin barci, ita ce kuma ta sa ya ɗauki waya yake wannan dogon rubutu.

Masu bibiyar shafin sun san yaron. Shi ne wanda aka ba da labarinsa lokacin da ya haɗa kuɗin adashi da na gonar gado ya sayi tsohuwar motar da yake ɗaukar buhuna daga Dawanau zuwa shagunan cikin gari. Ba mutum ne mai hayaniya ba.

Ga yadda abin ya faru. Ya sauke kaya yana dawowa, bayan motar wayam, jami'an wata hukumar kula da hanya suka tsayar da shi. Laifinsa bai ɗaura bel ba, kuma bai musa ba. Aka karɓi lasisinsa, aka cika takarda a kan bonet, aka yage aka miƙa masa. Sai da ya isa gida ya ba yayansa ya karanta masa, sannan aka ga abu biyu. Lambar motarsa tana farawa da GWL, wato Gwale, amma a takarda an rubuta GWA, wanda na Gwagwalada ne a Abuja. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, biron jami'in ya sauka a layin da ba shi ba: maimakon rashin bel, an yi alama a kan lodin da ya wuce kima. Motar da ko buhu ɗaya babu a cikinta.

Ba za a ambaci hukumar ba. Titunanmu cike suke da masu kaki, akwai Road Safety da aka kafa a 1988, akwai KAROTA da ta zo a 2012, akwai VIO, akwai 'yan sanda, kuma duk inda ɗan Adam yake cika takarda da hannu a tsakiyar rana da hayaƙi, biro zai iya zamewa. Jami'in da ya rubuta wannan ma bai yi gardama ba da aka zo gaban kotu. Damuwar mai shafin tana kan waɗanda suke ganin neman gyara shi ne laifin.

Wanda bai san tazarar da ke tsakanin layi da layi ba ya duba jadawalin tara na dokar Road Safety ta 2007, wanda ya fi na Legas sauƙi nesa ba kusa ba. Rashin ɗaura bel Naira 2,000 ne. Amsa waya ana tuƙi 4,000. Lodin da ya wuce kima 10,000. Tuƙin ganganci 50,000. Layukan a jere suke, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, amma ga direban da yake ƙirga kuɗin mai da na kamasho kafin ya fitar da na cefane, saukar biro da faɗin yatsa ɗaya cinikin kwanaki ne.

Washegari yaron ya koma ofishin da takardar a hannu, da ladabinsa. "Yallaɓai, an yi kuskure a nan, ku taimaka a gyara." Aka ce an riga an shigar, ba a gogewa, ya je ya biya ko kuma ya jira ranar kotu. A bakin ƙofa wani da ba ma'aikaci ba ya raɗa masa cewa idan ya kawo wani abu za a kashe maganar a ba shi lasisinsa yau. Ya ƙi. Ya kira yayansa ya ce, "Yaya, ni kotun zan je. Laifin da na yi zan biya, wanda ban yi ba ba zan biya ba."

A nan ya kamata a yi gaskiya, domin akwai masu yaɗa cewa da zarar an sami kuskuren harafi ɗaya a takarda, shari'a ta rushe. Ba haka ba ne, kuma mai shafin ba lauya ba ne, abin da ya sani ya karanta ne ya kuma gani da idonsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 216, ta ba kotu damar gyara tuhuma a kowane lokaci kafin a yanke hukunci. Sashe na 220 kuma ya ce kuskure a cikin tuhuma ba ya zama abin dubawa sai idan da gaske ya ruɗar da wanda ake tuhuma. Jihohi sun yi nasu kwatankwacinta, Kano ta yi tata a 2019. Saboda haka wanda ya keta danja aka rubuta sunansa Usaini maimakon Husaini, kada ya shiga kotu yana murna. Za a gyara a gabansa a ci gaba.

Haka ma aka yi da maganar lamba. Majistare ya karɓi takardun motar, ya dubi hoton motar da yaron ya ɗauka a wurin, ya ce a mayar da A zuwa L. Bai ɗauki minti biyu a kai ba.

Maganar lodi ce ya tsaya a kanta. Ya tambayi jami'in me ya gani a bayan motar. Jami'in ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ranka ya daɗe, bel ne bai saka ba. Hannuna ne ya sauka ƙasa." Aka gyara tuhumar, aka karanta wa yaron da Hausa, aka tambaye shi ko ya amsa laifinsa. Ya ce ya amsa. Aka yanke masa tarar bel, ya biya, ya karɓi rasit da lasisinsa. Mutumin da aka ce ba ya jin magana, abin da ya yi ke nan.

Za a ce ai asarar da ya yi ta zirga-zirga ta fi bambancin kuɗin. Gaskiya ne, mota ta kwanta, kwastomomi sun kira wani. Amma da ya biya, me ya sa hannu a kai? Ya amsa da bakinsa cewa ya yi lodin da bai yi ba, an rubuta a sunansa da lambar lasisinsa, kuma direban haya da sunansa yake cin abinci. Sannan wane darasi ofishin zai ɗauka idan duk takardar da aka rubuta ba daidai ba ana biyanta shiru? Inda babu wanda ya taɓa dawo da takarda, babu dalilin da zai sa mai rubutu ya duba sau biyu.

Za a ce kuma ana koya wa direbobi raina jami'ai. Wanda ya daɗe a shafin nan ya san sau nawa aka yi faɗa a kan gudun wuce sa'a da ɗora fasinja biyu a gaba, da ranar da aka yi rubutu mai zafi bayan jana'izar wasu 'yan biki da suka rasu a hanya. Yaron ya yi laifi da bai ɗaura bel ba, an gaya masa a gida kafin kotu ta gaya masa. Zuwa kotu bin doka ne. Raina doka shi ne abin da aka raɗa masa a bakin ƙofa, kuma abin ciwo, da ya bi wannan hanyar babu wanda zai kira shi mai taurin kai a majalisa.

"A bar wa Allah" kalma ce mai girma, ta wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ƙofofi suka rufe. Amfani da ita don a hana mutum buɗe baki a inda doka ta ba shi dama, wannan tsoro ne aka sa masa rawani. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta ɗora wa marubuci nauyin yin adalci a abin da yake rubutawa. Al'ummar da take karanta wannan ba ta da hujjar ɗaukar rubutun da ke cin dukiyar mutum a matsayin ƙaramin abu. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, dole a bayyana masa laifin dalla-dalla da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Direban da bai yi boko ba yana cikin "duk wanda".

Wanda irin wannan ta same shi, ya karanta takardar tun yana wurin, ko ya ba wani ya karanta masa kafin ya tayar da mota. Ya duba lamba, kwanan wata, wuri da layin laifi. Ya ɗauki hoton takardar da na motar a yadda take a lokacin, wannan hoton ne ya taimaki yaron nan. Kada ya ɗaga murya, kada ya kama rigar kowa, domin wannan wani laifin ne daban mai tararsa. Kada kuma ya fara biya sannan ya ce zai yi ƙorafi, dawo da kuɗin da ya shiga asusun gwamnati aiki ne mai wuya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council, wanda yake nan tun 1976, ya ji ko za su iya taimaka masa ko su nuna masa hanya.

Akwai sauran aiki ma. Gyaran da kotu ta yi a takardarta yake, amma abin da aka fara shigarwa a kwamfutar ofishin yana nan da GWA. Idan akwai mai mota a Gwagwalada da sauran lambobinsa suka yi daidai, zai iya zuwa sabunta takardu a ce masa ana binsa tarar lodi a garin da bai taɓa takawa ba. Yaron ya nemi kwafin hukuncin daga magatakarda, kuma mako mai zuwa zai kai shi ofishin da rubutacciyar buƙata, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Yayansa zai raka shi.