Hedimastan Fagge Ya Koma Makaranta

A unguwar Fagge ta Kano akwai wani malamin makarantar firamare wanda ya shekara ashirin yana koyar da lissafi. Duk wanda ya bi ta hannunsa ya san shi da ƙwazo, har 'yan kasuwa da yawa a Kantin Kwari su kan ce shi ya koya musu ƙidayar da su ke cin abinci da ita. Ba ya makara, ba ya fashi. Sabo da haka, sa'ad da tsohon hedimastansu ya yi ritaya, ba wanda ya yi mamaki da aka ce shi zai gaje shi. Abokai suka zo barka, aka yi addu'a, shi kuwa ya ɗauka a ransa cewa wanda ya iya aji ɗaya ai zai iya goma.

Ashe ba haka abin ya ke ba. Da sassafe shi ke buɗe ƙofa, shi ke kaɗa ƙararrawa. Mabuɗin sito yana aljihunsa, ko alli malami ya ke so sai ya nemo shi. In wani malami bai zo ba, sai ya shiga ajin ya yi masa darasi, ba ya tambayar dalili, gama yana jin nauyin mutanen da suka daɗe suna cin tuwo akushi ɗaya. Ya kan koma gida jiki duk ya mutu, yana ganin ya yi aiki, amma makarantar kullum baya ta ke yi.

Ran nan sai wata mace mai sayar da ƙosai ta yi sallama a ofishinsa, tana riƙe da hannun ɗanta ɗan aji huɗu. Mijinta ya rasu, ita ke ci da gida. Bayan sun gaisa, ta kwance bakin mayafinta ta fito da littafin da ta yi karatu da shi a ajin yaƙi da jahilci. Ta buɗe ta karanta shafi guda sarai, ba gargada. Sa'an nan ta miƙa wa yaron. Yaro ya dubi takarda, ya dubi ƙasa, ko baƙi ɗaya bai iya haɗawa da wasali ba.

Ta ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba, tambaya na kawo. Ni wata tara na yi ina zuwa aji da yamma bayan na sauke kasko. Shi kuwa shekararsa huɗu ke nan yana zuwa nan kullum, na hana shi talla don karatun. Ina laifin ya ke, wajensa ko wajena?"

Hedimasta ya rasa amsa. Bai ma san sunan yaron ba, bai kuwa san ko yara nawa ne irinsa a makarantar ba. Ya ba ta haƙuri, ta tafi. Daren nan barci bai ɗauke shi ba.

Da gari ya waye ya tafi wajen tsohon Alaramman da ya yi karatun allo a hannunsa, ya kwashe labari duka ya gaya masa. Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Sa'ad da ka ke kolo a nan, ni na ke biya maka?"

Ya ce, "A'a, Allah ya gafarta Malam, gardi ne."

Alaramma ya ce, "To, ka gani. Da na ce ni kaɗai zan biya wa kowa, da ba wanda ya sauke. Gardi ya biya wa titibiri da kolo, ni kuwa in zauna in saurari gardi, in duba alluna, in san wanda ya isa wanke allo da wanda bai isa ba. Kai har yanzu gardi ne, an ɗora ka bisa buzun malam. Koyarwa ilmi ce, riƙon makaranta kuma wani ilmi ne dabam. Je ka ka neme shi."

Wannan magana ita ce ta sa ya ƙudura niyyar komawa makaranta yana da shekara arba'in da biyar. Da yayansa, mai shago a Kwari, ya ji labari, sai ya yi dariya ya ce, "Kai da furfura za ka koma zaman benci? In aikin ya ishe ka, zo ga shago." Ya amsa masa da ladabi ya ce, "Yaya, ai gemu ba ya hana ilmi. Waɗanda suka fi ni ma sun yi."

Gaskiya kuwa ya faɗa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga ya zama hedimastan Midil ta Bauci kafin ya tafi makarantar ilmin koyarwa ta Jami'ar Landan a 1945. Ya yi shekara guda a can, da ya komo aka sa shi duba makarantu, kana daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Malam Aminu Kano shi ma malamin makaranta ne sa'ad da ya tafi wannan makaranta ta Landan a 1946. Shi ya yi jagorancin kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma ba shi riƙon makarantar horon malamai ta Maru, wadda yanzu ta ke cikin Jihar Zamfara. A zamaninsu sai an ƙetare teku a ke samun irin wannan ilmi. Yau kuwa mutumin Fagge ya kan hau A Daidaita Sahu ya bi hanyar Gwarzo, kafin shayinsa ya huce ya isa Jami'ar Bayero. Wannan jami'a ta soma ne a 1960 tana ƙaramar kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. A 1962 aka sa mata sunan Sarki Abdullahi Bayero, ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan a 1977 ta tsaya da ƙafarta.

Ya kamata mai karatu ya san matakan ilmin malanta. Mafi ƙanƙantar shaidar da doka ta yarda a koyar da ita a Nijeriya ita ce takardar NCE, wadda a ke samu a kwalejin horon malamai. Bisa gare ta akwai digiri na farko, wanda hedimastan nan ya riga ya samu tuntuni. Sai digiri na biyu, inda mutum ya kan zaɓi fanni ɗaya ya zurfafa a ciki. Fannin da ya zaɓa shi ne gudanar da makarantu da tsara harkar ilmi.

Abin da a ke koyarwa a ciki ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa riƙon gida ko gona. Na farko, ƙidaya da shiri: yara nawa ne, malamai nawa, ɗakuna nawa, baɗi kuma nawa za su zama. Na biyu, riƙon kuɗi da kaya da littattafan makaranta, watau rajistar kiran suna, da littafin sa hannun malamai, da littafin da a ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Na uku, riƙon mutane: yadda a ke raba aiki, da yadda a ke duba darasin malami a gyara masa ba tare da an wulaƙanta shi ba. Na huɗu, zama da iyayen yara da dokokin hukuma. Daga ƙarshe kuma tilas ɗalibi ya yi bincike nasa na kansa, ya rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta.

Karatun bai zo masa da sauƙi ba. Kuɗin makaranta daga albashinsa ya fito, har gida suka ji a jikinsu. Kwamfuta kuwa 'yarsa ce ta riƙa koya masa da dare. Malamin da aka ba shi ya duba bincikensa bai kai shi shekaru ba, ya kuwa mayar masa da babin farko har sau uku. A na ukun zuciya ta ɗebe shi ya ce, "Dakta, shekara ashirin na yi cikin aji, na san abin da ke damun makarantu." Dakta ya ce, "Na yarda, Malam. Amma abin da ka rubuta nan zato ne. Je ka ƙirga, sa'an nan ka dubo wata makarantar da ba taka ba, ka gwada su."

Sai ya zaɓi wata makaranta a Sabon Gari. Fagge da Sabon Gari maƙwabta ne, ƙaramar hukumarsu ma ɗaya ce. Fagge tun da can zango ce inda ayarin raƙuma daga Azbin ya kan sauka a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa an yanka ta ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Hanya ce kawai tsakaninsu, amma hedimastan nan, ban da shiga kasuwa, bai taɓa taka wata makaranta a can ba.

Shugabar makarantar wata dattijuwa ce Bayarabiya, haifaffiyar Kano, Hausa a bakinta kamar ta Bakano. Ginin nata bai fi nasa kyau ba, yaranta kuma harsunansu dabam dabam ne. Ya yi mako biyu yana zuwa yana kallo. Ya ga mabuɗin sito yana hannun wani malami, ƙararrawa tana hannun wani yaro. Ita kuwa kowace safiya ta kan ɗauki kujerarta ta shiga aji ɗaya ta zauna a baya shiru, in an tashi ta kira malamin gefe su yi magana. Tana da wani littafi mai baƙin bango inda ta rubuta sunan kowane yaro da bai iya karatu ba.

Ya ce mata, "Mama, yaushe ki ke samun lokacin wannan duka?"

Ta ce, "Malam, ai ba ni da wani aiki sai shi. In na kaɗa ƙararrawa, wa zai duba malamai?"

Ita ma ba ta bar shi ya tafi haka ba. Tana da yaran Hausawa da su ke yawan fashi, ba ta san ta inda za ta ɓullo wa iyayensu ba. Shi ya raka ta wajen mai unguwa da liman, ya nuna mata yadda a ke shigar da irin wannan magana.

Da ya komo makarantarsa sai ya sayi littafi mai baƙin bango. Ya bi aji aji yana sa kowane yaro ya karanta layi biyu. Abin da ya gani ya tsorata shi, gama ɗan mai ƙosai yana da abokai da yawa. Ya duba rajista ya ga masu makara kashi biyu ne: masu tsayawa makarantar allo da safe, da masu tallar karin kumallo. Ya je wajen malaman allo da kansa, suka shirya a riƙa sallamar 'yan boko da wuri. Ya ware rabin sa'a kowace rana domin karatu kaɗai, aka raba yara gwargwadon iyawarsu, ba gwargwadon ajinsu ba, waɗanda suka iya suna biya wa na baya kamar yadda gardi ke yi. Ya fid da mabuɗin sito daga aljihunsa ya ba mataimakinsa.

Abin da ya fi masa wuya bai shafi takarda ba. Akwai wani malami, amininsa tun suna samari, wanda ya kan sa hannu da safe, in hantsi ya yi ya sulale zuwa rumfarsa a kasuwa. Shi ne ya fi kowa cin moriyar darasin da hedimasta ya ke yi wa mutane. Ya kira shi a keɓe, ya buɗe masa littafin, ya nuna masa sunayen yaran ajinsa. Ya yi masa magana sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya rubuta. Mutumin ya yi fushi ya nemi a sauya masa makaranta, har yau kuwa gaisuwarsu ba ta wuce ta bisa hanya. Hedimasta ya ji zafin abin ƙwarai, amma ya ce gara ya rasa aboki ɗaya da ya ci amanar yara aji guda.

Kada mai karatu ya zaci digiri ya gyara kome. Rufin ɗaki biyu har yanzu yana yoyo, yara da yawa a ƙasa su ke zaune, malamai kuma ba su isa ba. Takarda ba ta sassaƙa benci. Matsalar ma ta fi ƙarfin makaranta ɗaya, shi ya sa Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Abin da ya sake shi ne, yanzu in ya je wajen hukuma ya kan tafi da lissafi a hannu, ba da kuka kawai ba, in kuma aka tambaye shi yara nawa ne ba su iya karatu ba, ya san adadinsu, ya san sunayensu.

Kafin yaron nan ya gama aji shida, uwarsa ta sake zuwa da littafin nata. Yaro ya karanta shafin, yana yi yana tsayawa, amma ya kai ƙarshe. Ba ta ce kome ba sai, "Alhamdu lillahi." Hedimasta ya roƙe ta ta shiga kwamitin iyaye da ke taya shi gudanar da makaranta. Ta ce, "Malam, ni da ban yi boko ba?" Ya ce, "Ai ke ce ki ka fara duba makarantar nan, kafin in san ana dubawa."

To, kai da ka samu takardar shaidar yaƙi da jahilci, abin da matar nan ta yi bai fi ƙarfinka ba. In ɗanka ya komo daga makaranta, buɗe masa littafinka ka ji. In ya kasa, kada ka dake shi. Je ka wajen hedimasta da ladabi, ka tambaye shi ko ya sani, da abin da ya shirya yi, da abin da ya ke so kai ka yi. Shugaban kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya sa wa 'ya'yanmu albarka, amin.