Allurar da ta so ta ci mana kuɗin batir

A gaban direban tsohuwar Peugeot 504 ta makarantarmu akwai wani ɗan agogo mai nuna ƙarfin lantarki. Tun farkon zangon nan allurarsa ke kwance ƙasa, har aka fara maganar sayen sabon batir. Ita ce kuma motar da ake kai ɗalibai asibiti da ita idan ciwo ya kama su cikin dare, don haka abin ya dame mu.

Malamin Fiziks ya ba mu mita, ya ce mu fara aunawa. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe. Idan an tayar da mota, altaneta kan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Namu ya nuna 12.5 a kashe, 14.1 a kunne. Ashe batir da altaneta lafiyarsu ƙalau, fambel ma bai saki ba.

Sai muka bi wayoyi tare da direba. Fiyus bai ƙone ba, amma wayar as da ke bayan agogon, inda aka ɗaure ta a jikin mota, ta yi tsatsa. Tsatsa na tare lantarki, shi ya sa allurar ke nuna ƙasa da gaskiya. Muka kankare wurin, muka ɗaure tam, allura ta miƙe.

'Yan'uwa ɗalibai, agogo ma yakan yi ƙarya. Kafin a kashe kuɗi, a auna tukuna.