Layi 28 a Shafi Guda

Ƙanena da ke zaune a Kalifoniya ya aiko mini da takardar da zai shigar kotu washegari kan rikicin haya, in duba masa. A can ƙa'ida ce a jera lambobi a gefen hagun shafi, galibi 1 zuwa 28, domin alƙali ya ambaci shafi da layi kowa ya gane wurin. Na buɗe ta a Word, na ƙara tazara don ta yi kyau, sai rubutun ya kauce wa lambobinsa. Ashe lambobin a kafe suke cikin akwati daban, ba sa bin rubutu. Sai tsakar dare na gano cewa tazarar dole ta tsaya cif a maki 24. Tun daga ranar, ba na taɓa tsarin takarda sai na san dalilinsa.