Daren da jiki bai manta ba

A daren 19 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kusan 80 na garin Mahuta, a Ƙaramar Hukumar Dandume, suna dawowa daga Mauludi. Ba a jima ba aka kuɓutar da su. Sai dai kuɓutar jiki daban, kwanciyar zuciya daban.

Idan firgici ya kama mutum, wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda kan kwarara sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Su ke zaburar da amigdala, mai gadin ƙwaƙwalwa, ta sa a adana abin da ya faru da kakkaifan alƙalami. A 1994, Larry Cahill da James McGaugh sun nuna cewa maganin da ke toshe aikin adirenalin yana rage kaifin tuna labari mai tayar da hankali.

Kotisol kuwa, idan ya yi yawa, yakan raunana hipokampus, sashen da ke ɗora wa abin tunawa lokaci da wuri. Shi ya sa ƙarar babur cikin dare kan zaburar da yaro bayan shekaru. Wannan ba ragwanci ba ne. Jikinsa ne bai samu labarin wayewar gari ba, kuma likita na iya taimaka masa.