Dami Na Goma

Idan kaka ta yi, hunturu ya fara tsaga leɓe a watan Nuwamba, daga sallar asuba muke fita daga cikin birni, mu bi ta Ƙofar Gayan zuwa gandunmu. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ce ta rage. Manya su sare kara su kwantar, mu yanke zangarniya, a ɗaure dami-dami. A gida kuwa iyayenmu mata na jiran sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ya hana kowa sakat.

Baba ne mai ƙirga. In ya kai tara, sai ya ja na goma gefe ya ce, "Wannan ba namu ba ne." Zakkar abin da ruwan sama ya shayar ke nan. Abin da ya zube a ƙasa ma ba ma tsincewa, na masu kala ne.

Bana muka yi girbin farko babu shi. Gidajen bulo sun iso bakin gonar, dillalai sai zarya suke yi, a cikinmu ma akwai masu cewa a raba gado a yanka fuloti. Ba mu ga laifinsu ba: ga tsadar taki, ga kuɗin makaranta.

Ranar da muka gama, Yaya ya tsaya inda Baba yake tsayawa, ya fara ƙirga. Da ya kai tara sai muryarsa ta sarƙe. Autanmu, wanda ya fi kowa matsawa a sayar, shi ya sunkuya ya ja na goma gefe.

Maganar rabo dai an ɗage ta, sai dawa ta shiga rumbu.