Agogon Kuza Da Ya Faɗo Cikin Rabon Gado

Kuza ƙarfe ne marar alfahari. Ba shi da ƙyallin azurfa, bai kai tagulla nauyi ba, kuma wuta kaɗan ke narkar da shi. Turawa sun daɗe suna haɗa shi da ɗan jan ƙarfe da wani sinadari mai ƙara tauri, su ƙera faranti da kofuna da agogon ajiya. A da har dalma suke zubawa a ciki, daga baya suka rage saboda gubarta. Idan irin wannan kaya ya tsufa yakan yi toka-toka, wanda bai san shi ba sai ya yi tunanin sikelin 'yan gwangwan.

Aikina a wurin mai girma Sarkin zangonmu ya haɗa da rubuta kayan mamaci kafin malamai su raba gado. A bara aka kawo kayan wani dattijo, jikan wani falken goro, a ciki har da agogo mai tsawon kamu ɗaya, launin toka, fuskarsa shuɗi da kore kamar wuyan ɗawisu. Babban ɗan ya riga ya yi ciniki da mai sayen tsofaffin ƙarafa, a kan nauyi. Cikin magada kuwa akwai marayu uku da ko sauka ba su yi ba. Da na kifa agogon sai na ga tambari a gindinsa: Tudric, da lamba mai farawa da sifiri. Na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da wannan." Sarki ya ce, "To Malam, je ka binciko mana asalinsa."

Ga abin da na samo. Tudric sunan kayan kuza ne na kantin Liberty na Landan, wanda Arthur Liberty ya buɗe a 1875 yana sayar da hajar Japan da ƙasashen gabas. A farkon ƙarni na 20 kayan kuza na Jamus, irin na Kayserzinn, suna ta cin kasuwa da zanen furanni da rassa masu lanƙwasa. Liberty ya sayar da su, sannan ya ga gara ya fito da nasa, maƙeran kamfanin Haseler na Birmingham suka riƙa zuba masa. Sunan kantin ya yi tashe har Italiyawa suka laƙaba wa salon adon zamanin gaba ɗaya sunan Liberty.

Wanda ya fi ba kayan Tudric kamanninsu shi ne Archibald Knox, haifaffen tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan, wanda ya rayu daga 1864 zuwa 1933. A tsibirin akwai tsofaffin duwatsu da mutanen farko suka sassaƙa, da zanen igiya mai shiga tana fita, ba a ganin bakinta. Knox ya tashi yana nazarinsu. Sai ya ɗauko ƙullin nan ya sassauta shi, ya ja shi ya yi tsawo, ya bar sauran jikin agogon fili. Wannan barin filin shi ya fi burge ni, domin gwanin zayyana ma da inda ya ɗaga alƙalami ake gane shi. Kantin bai sa sunan masu yi masa zane a jikin kaya ba, kamar dai yadda ake yaba aska takwas a wuyan attajiri ba a tambayar wane maɗinki ya ƙare idonsa a kanta.

Samarin fada da suka ga ƙullin sai suka ce ai dagin arewa ne, Bature ya sata. Ban bi su ba. Kamar tana nan, amma Knox a duwatsun garinsu ya koya, mu kuma namu yana rigunanmu da bangon sorayenmu da gefen allon zayyana. Idan dangantaka ake nema, a neme ta a ƙarfen. Tun kafin Turawa su buɗe haƙar kuza a tsaunukan Jos, mutanen Ririwai suna narkar da shi su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake na kai shi kasuwanni.

Babban ɗan bai ji daɗi ba, har ya ce ana riƙe masa haƙƙi a kan tsohon gwangwani. Sarki ya yanke cewa ba za a sayar ba sai wanda ya san kayan da ya yi masa kima, a rubuta a gaban shaidu, domin kason marayu na ciki. Ya kuma hana a goge shi da toka ko yashi, don kuza na da laushi, gogar farko za ta cinye zanen, ita kuma tokar tsufan nan masu saye ba sa son a taɓa ta. An naɗe agogon a rawani, an sa a akwatin takardun fada, makullin yana hannuna har ranar da mai kimar zai zo daga Ankara.