Mayyar da na rubuta tana da kasko a bakin layinmu

A al'adun mutanen Ailan akwai wata aljana da suke kira banshi. Idan mutuwa ta kusa shiga wani gida, sai a ji kukanta cikin dare. Ba ta kisa, sanarwa kawai take yi. Marubutansu na zamani sun ɗauko ta daga ƙauye sun kai ta titunan Dablin, tsakanin motocin haya da fitilun kan hanya. Irin wannan littafi na karanta, na ce ni ma sai na yi wa Lafiya nata. Garin da ya zama hedikwatar jiha a 1996, ga Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Hausawa a kasuwa ɗaya, kowa da abin da kakarsa ta tsorata shi da shi, ai ba zai rasa labarin ban tsoro ba.

Na fara sakin labarin babi-babi a WhatsApp, yadda marubutanmu da yawa suke yi yanzu. Aljanu da matsafa na ga Abdulaziz Sani Madakin Gini ya riga ya cika littattafansa da su. Ni abin da ke kusa da gida nake so, sai na zaɓi mayya. Na zuba duk abin da na taso ina ji: ƙanƙarar maita a ciki, kamun kurwa, shan maita a nonon uwa, da sa wadda ake zargi ta tsallaka marar lafiya don ta sake shi.

Saura fuska. A bakin layinmu akwai wata dattijuwa mai suyar ƙosai, mijinta ya rasu, ba 'yar asalin unguwar ba ce, kuma tana da hakiya a ido ɗaya. Na sauya mata suna, na ɗauka na gama. Hakiyar na bar ta, na bar kaskon da bishiyar mangwaron da take zama ƙarƙashinta, har da yadda take kiran yara su zo su karɓi gyara. Masu karatu suka yi ta cewa kamar gaske, ni kuma daɗin yabon ya sa na kashe wani yaro a babi na gaba bayan ya ci ƙosanta.

Damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa. Ɗan wani maƙwabcinmu ya kwanta da zazzaɓi har yana shiɗewa.

Wata safiya na je sayen ƙosai na tarar babu kowa a gaban kaskon, ga ƙosai tuli a kwando ya huce. Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka ji abin da ake faɗa a kaina? Jiya aka zo aka ce in je in tsallaka yaron nan. Na ga in na ƙi za a ce ni ce, sai na je na tsallaka. Yanzu kuma an ce ai na amsa." Ta ƙara da cewa ta ji wai a waya aka rubuta, tunda ni mai boko ne, in taimaka in gano mata wanda ta yi wa laifi ta ba shi haƙuri.

Haƙuri take son ba shi. Wayar tana aljihuna, babi na gaba yana ciki, na riga na rubuta yadda za a kore ta daga unguwa. Ta ƙulla mini ƙosai ta ƙara gyara kamar kullum, na karɓa, na ce, "To, Iya, Allah ya kyauta," na tafi. Ko a wannan lokacin ban faɗa mata gaskiya ba.

Ba zan ce ban sani ba. Ni na rubuta da hannuna cewa a nono ake shan maita, don haka na san zargin zai bi 'ya'yanta mata da jikokinta har ranar neman aurensu. Abin da na ƙi tsayawa in duba shi ne banshi ba ta da gida, ba ta da sana'a, babu wanda zai nuna ta da yatsa a kasuwar Dablin. Maita kuwa a kan mutum mai rai ake ɗora ta, galibi wanda ba shi da mai tsaya masa. Su kansu mutanen Ailan sun ga irin wannan. A 1895, a yankin Tipperary, Michael Cleary ya ƙona matarsa Bridget har lahira saboda ya gaskata aljanu sun sace ta sun bar masa wata a madadinta, kotu ta ɗaure shi. Na ari kwalliyar labarinsu na tsallake wannan ɓangaren. Ga kuma Jangare, birnin iskokin 'yan bori, da su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, da ba su da maƙwabta a layinmu, amma na ga ba za su firgita mai karatu kamar fuskar da ya sani ba. Duk wanda ya taɓa tura saƙo gaba ya rubuta "Allah ya tsare" ba tare da ya tambayi wa ake nufi ba, ya san yadda abin yake da sauƙi.

Washegari na koma na faɗa mata ni ne. Ba ta zage ni ba, ta tambaye ni me ta yi mini, na rasa amsa. Na je wurin mai unguwa da liman, liman ya yi magana bayan sallar magariba, na goge babukan na rubuta cewa ƙirƙira ce. Amma magana zarar bunu ce. Yaron ya warke da maganin zazzaɓin cizon sauro a asibiti, mutane suka ce tsallakar ce ta yi aiki. Kafin kaka ta kwashe kayanta ta koma wurin 'yarta a wani gari. Labarin har yanzu yana yawo a wayoyi babu sunana, wani ma ya ƙara masa layi a sama cewa da gaske abin ya faru a Lafiya.